Amosanin jini: tsakanin gado da muhalli

Masana sun ce gado da muhalli tare suke aiki, kuma cutar amosanin jini, wato sikila, misali ce.

Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a Garki, maƙwabciyar masarautar Gumel, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna kusan kashi 2 cikin ɗari na jarirai ana haifarsu da cutar, kuma akasarinsu ba sa kai shekara biyar. Amma wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare guda yakan samu kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yaɗu inda sauro ke da yawa.

Idan irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure.