Asalin Kalmar "Sipi" a Bakin Manoman Shinkafa

Duk wanda ya tsaya a wurin masu awo a kasuwar Gadaka, cikin ƙasar Fika, zai ji ana kiran shinkafa da sunayenta: wannan Jamila ce, waccan Sipi. Sunan farko bai buƙatar dogon bayani, domin sunan mace ne aka ara don yabon kyau. Na biyun ne abin tambaya. Da yawa daga cikinmu 'yan boko mun ɗauka haruffan Turanci ne guda biyu, har akan rubuta C.P. a jikin buhu, sa'an nan a shiga laluben abin da suke nufi. Wannan kuskure ne.

Asalin kalmar daga tsibirin Taiwan take. A can ne masu binciken iri suka samar da wata shinkafa, suka yi mata lamba SIPI 692033. Da ta iso Nijeriya aka gwada ta, sai Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida, ta fitar da ita ga manoma a farkon shekarun 1990 da sunan FARO 44, wato iri na 44 a jerin da aka fara tun shekarun 1950. Ta karɓu saboda takan nuna cikin kimanin wata huɗu, ga tsawon ƙwaya, ga auki a fadama.

Abin lura shi ne, manomi bai ɗauki sunan da hukuma ta raɗa ba, bai kuma wahalar da kansa da lambobi shida ba. Ya tsinci gaɓa biyu da suka zauna daidai a harshensa, si da pi, ya bar wa malaman gona sauran. A ganina ya fi mu gaskiya, domin abin da yake furtawa ya fi kusa da asali a kan abin da muke rubutawa.

Ba yau kalmomin shinkafa suka fara tafiya ba. Jar shinkafarmu ta gargajiya an fara noma ta a yankin Kogin Kwara kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin ta Asiya ta shigo. Ita kanta kalmar "shinkafa" fatake sun kai ta kudu, inda Nufawa da Ibo suka lanƙwasa ta yadda bakinsu ya so, har ta zama "osikapa" a kasuwar Anaca.