Na'urar Ceton Zuciya da Ake Dasawa a Ƙirji

Ƙaramar na'ura ce da likita ke dasawa ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, a zura wayoyinta ta jijiya har cikin zuciya. Wani irinta, ICD, tana gadin bugun zuciya dare da rana. Idan ya rikice har rai ya shiga haɗari, sai ta sako wutar lantarki ta daidaita shi. An fara dasa ta ga ɗan Adam a 1980 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bisa aikin Dakta Michel Mirowski. Ɗaya irin, CRT, tana sa ɓangarorin zuciya biyu na ƙasa su matsa tare. Galibi ana duba yiwuwar dasa su ne idan ƙarfin zuciya na tura jini ya sauka zuwa kashi 35 cikin 100 ko ƙasa, duk da shan magani.

A Kano wannan batu ya shafi mata matuƙa. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a Arewa, kuma asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suna karɓar masu jego da ƙafa a kumbure, numfashi na sarƙewa. Tsadar na'urar ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Mai jego da ta kasa kwanciya saboda haki, a kai ta asibiti a ranar.