Kainji: Tarihin Ruwan da Aka Tare Domin Wuta

A shekarar 1896 aka fara kunna wutar lantarki a Legas, da 'yan ƙananan injina da Turawan mulkin mallaka suka kafa domin haskaka tituna da gine-ginen gwamnati. A cikin wannan shekarar ce kuma wani masanin kimiyya na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya fitar da lissafinsa, inda ya nuna cewa muddin iskar kabon ta ci gaba da taruwa a sararin samaniya, to duniya za ta ɗumama. Babu wanda ya ga alaƙa tsakanin al'amuran biyu a wancan zamani, sai bayan an shekara kusan casa'in Kogin Kwara ya haɗa su wuri guda.

Ita wutar lantarki, ko a ina aka samar da ita a manyan tashoshi, hanyarta kusan ɗaya ce: dole a sami ƙarfin da zai juya farfela, ita kuma ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, daga nan wuta ta taso. Abin da ya bambanta tashoshi shi ne mai juya farfelar. Turai da Amurka sun daɗe da dogara ga kwal, ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya yi aikin. Nijeriya ma ta bi wannan sawu bayan an gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909, har aka gina tashar Oji da ke ci da shi a shekarun 1950.

Da aka sami 'yancin kai, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta juya ga ruwa. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Kwara, a 1964 aka soma aiki a Kainji, aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe tashar a watan Fabrairun 1969. An tsara ta da injina 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Farashin da mutanen yankin suka biya bai kamata a manta da shi ba. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga garuruwansu, a ƙasar Borgu da ta Yauri, tsohon garin Busa, inda Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ya halaka a 1806, ya nutse ƙarƙashin tafkin, aka gina wa jama'arsa Sabon Busa. Manoman fadama suka rasa gonakin albasa da na shinkafa da suka gada, masunta kuma suka koyi kamun kifi a ruwan da ba su san halinsa ba.

Injiniyoyin sun gina lissafinsu ne a kan cikowa biyu da kogin ke yi kowace shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, mai laka, wanda ruwan daminar kusa ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso Kainji cikin hunturu. Da wannan baƙin ruwa tashar ke ratsa rani. Dogaro da wutar tashar aka ja layin wuta ta Birnin Kebbi zuwa Yamai a shekarun 1970, Nijar ta riƙa sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya.

Sai dai tun ba a gama bikin buɗewa ba, damina ta fara ja da baya a yankin Sahel. Farin 1973 ya kashe dabbobi ba iyaka, na 1984 ya zarce shi tsanani, a watan Yunin 1985 kuma Kogin Kwara ya tsaya cak a Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara auna shi. Ruwan tafki ya yi ƙasa, ƙarfin da ke juya farfela ya ragu, wuta ta ragu tare da shi. Da farko an ɗora laifin a kan sare itatuwa da yawan kiwo. Daga baya bincike ya karkata ga teku: masana da dama suna ganin cewa hayaƙin kibiritu daga tashoshin kwal da masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika, wannan kuwa ya taimaka wajen tura gajimaren damina kudu. Idan haka ne, tashar da ba ta ƙona komai ta ɗanɗana kuɗar hayaƙin tashoshin wasu.

Nijeriya ta ƙara madatsun Jebba a 1985 da Shiroro a 1990, amma nauyin ya koma kan iskar gas, musamman bayan buɗe tashar Egbin kusa da Legas. Gas bai kai kwal fitar da kabon ba, duk da haka ƙonawa ake yi, ga kuma miliyoyin janaretoci masu shan fetur da dizal a kasuwanni da gidaje. Kabon ɗin da aka auna a sararin samaniya a tashar auna iska ta Mauna Loa a 1958 kusan kashi 315 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420. Damina ta dawo Sahel, amma da wani hali dabam, ta yi jinkiri, sannan ta sauko da ƙarfi lokaci guda, har ya zama dole masu kula da madatsun su buɗe ƙofofi, ruwa ya ci ƙauyukan da ke ƙasa. A 2023 aka kammala madatsar Zungeru mai megawat 700 a kan Kogin Kaduna, ita ma abin da damina ta kawo shi za ta juya.