Maganin Yara Kyauta a Madarunfa: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A shekarar 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duk faɗin Nijar. Kafin nan, shirin musamman na shugaban ƙasa ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara da kuɗin sassaucin bashi. Gundumar Madarunfa wuri ne da ya dace a auna wannan kashe kuɗi, domin a nan zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa kowace damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwa kuma ya kwanta a fadamun Gulbin Maraɗi.

Ta fuskar rayuka, riba a fili take. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar sun sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro da yaƙi da tamowa suna da nasu kaso a ciki, amma uwar da a da take jira sai ta sayar da akuya yanzu tana goya ɗanta zuwa likita tun zazzaɓi bai yi nisa ba.

Matsalar tana cikin yadda aka tsara biyan. Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, da kuɗin da majinyata ke biya likitar karkara ke sake sayen magani. Da aka soke wannan kuɗi ga yara, gwamnati ta yi alkawarin maida wa kowace cibiya abin da ta kashe. Takardun neman biya sun riƙa bi ta gunduma da jiha har Yamai, suna yin watanni, wani lokaci shekaru. Masu bincike na cibiyar LASDEL, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bayyana abin da ya biyo baya: kantar magani ta wofinta, ana rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Kyautar tana nan a doka, nauyin ya koma kan talaka.

A Madarunfa akwai wani abin da ke rufa wa lissafin asiri. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara na asibitin gundumar. Wanda ya ga yara suna warkewa a can, ya ce baitulmali ne kaɗai ya yi aikin, ya yi lissafi da kuɗin wasu.

Ra'ayina shi ne shirin ya cancanci kowace dala da aka kashe masa, har ya fi manyan gine-gine da dama da ake yanke wa ƙyalle. Abin da ya rage masa daraja shi ne ƙarancin abin da aka biya ne da jinkirin biyansa. Ya kamata hukumomi su riƙa bayyana wa jama'a, shekara-shekara, bashin da kowace likita ta Madarunfa ke bin gwamnati da ranar da za a biya ta.