Unguwar Kabara: Abin da Kano ke tunawa da abin da take mantawa

Kabara tsohuwar unguwa ce a cikin birnin Kano, dab da fadar Sarki, kuma a nan ne cibiyar ɗarikar Ƙadiriyya take.

Sunan unguwar dai baƙo ne. Asalinsa wani ƙaramin gari ne a ƙasar Mali, wanda ya daɗe yana zaman tashar jiragen ruwa ta birnin Tumbuktu, a gefen Kogin Kwara.

Daga can ne wani malami, Malam Umaru, wanda aka fi sani da Malam Kabara, ya taso ya zo Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18. Wurin da ya zauna ne ya ɗauki sunan garinsu.

Tun bayan fari na shekarun 1970 da 1980, ruwan da ke kaiwa Kabara ta Mali ya ja baya, yashi ya cike hanyar, har jirage suka koma tsayawa a Koriyume. To amma sunan garin yana nan a bakin Kanawa, waɗanda da yawansu ba su san daga ina ya fito ba.

Littafi da waƙa

Hanya ta farko da Kano ta adana labarinta ita ce rubutu. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, shi ne ya fassara shi zuwa Turanci a 1908.

Littafin ya ambaci yunwa, amma a taƙaice. Ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, an yi yunwa ta shekara 11. Ya kuma ce Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya tara gero da dawa saboda tsoron yaƙi da fari, amma duk da haka yunwa ta cim masa.

Sai dai kuma littafin na fada ne. Ya kawo sunayen sarakuna da iyayensu mata da jarumansu, amma bai kawo sunan ko mutum ɗaya daga cikin talakawan da yunwar ta kashe ba. Hasali ma, shi kansa marubucin bai bar sunansa ba, abin da ya sa masana ke ta muhawara a kai.

Akwai kuma Waƙar Bagauda, wadda aka riƙa rerawa da ka, kafin Mervyn Hiskett ya buga ta a shekarun 1960. Ita ma ta jero sarakunan, amma da manufar wa'azi: kowane sarki ya zo ya wuce, don haka duniya ba wurin zama ba ce.

Maukibi da bandiri

A Kabara, babbar hanyar tunawa ita ce taro. Sheikh Muhammad Nasiru Kabara, wanda ya fito daga zuriyar Malam Kabara, ya kafa Maukibin Ƙadiriyya a farkon shekarun 1950, domin tunawa da Sheikh Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1166.

A kowace shekara, dubban mabiya ɗarikar daga ciki da wajen Najeriya kan taru, su yi jerin gwano da tutoci, suna kaɗa bandiri, suna rera ƙasidu, har su kai ziyara maƙabartar da aka binne waliyyan Kano. Yaron da ya bi ayarin yakan haddace sunayen shehunai tun bai iya karatu ba.

Sheikh Nasiru ya rasu a 1996, ya bar littattafai masu yawa na Larabci da Hausa, da kuma tafsirin Alƙur'ani da aka naɗa, wanda ake ci gaba da saurare. Ɗansa, Sheikh Ƙaribullahi, shi ne ya gaje shi.

Shi ma bandirin yana da nasa salon mantuwa. Wani masani, Brian Larkin, ya yi nazari kan yadda matasa masu bege a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya, suna ɗora musu baitocin yabon Annabi. A hankali karin ya zauna, asalinsa kuma ya ɓace wa masu tasowa.

Sunayen yunwa

Talakawa kuwa, waɗanda ba su da marubuta, laƙabi suke sa wa masifa. Bayan ƙarancin ruwan sama a daminar 1913, an shiga yunwar da aka kira Kakalaba a 1914. Ta zo ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano, lokacin da manoma da dama suka karkata ga gyaɗa don samun kuɗin haraji.

Ta 1927 ana ce mata 'Yar Buhu, ta 1942 kuma 'Yar Gusau. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, yunwar 1984 ta samu sunan El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe kan iyaka da gwamnatin mulkin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi.

Waɗannan sunaye sun kasance kalanda. Dattijo kan ce an haife shi shekara biyu bayan 'Yar Buhu, kowa ya gane. Michael Watts ya yi amfani da irin waɗannan bayanai na baka a littafin da ya wallafa a 1983 kan tarihin yunwa a arewacin Najeriya.

Matsalar ita ce, laƙabi ba shi da ranar taro. Da zarar waɗanda suka ga abin da idonsu sun ƙare, sai sunan ya bi su.

Ruwa da ƙasa

Ambaliya ma haka take. A watan Agustan 1988, ruwan sama mai yawa ya rushe dubban gidaje a Kano, madatsar ruwa ta Bagauda kuma ta ɓalle.

Tsohon birnin na ginin ƙasa ne, kuma kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke tara ruwan damina. An cike da dama daga cikinsu an yi gine-gine a kai, abin da masana muhalli ke alaƙantawa da yawaitar ambaliya a birnin.

Haka nan badalar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa wajen farkon ƙarni na 12, ruwa da masu gini sun cinye wurare da dama nata. Littattafan da aka rubuta da hannu, waɗanda ke ajiye a gafaka a gidajen malamai, su ma laima da gara na yi musu barazana.

Maukibin Kabara dai ya haura shekara 70, domin akwai waɗanda suka ɗauki nauyin maimaita shi kowace shekara. Kakalaba kuwa, wadda ta taɓa kusan kowane gida a ƙasar Kano, a yau an fi samun sunanta a littattafan masana fiye da bakin jama'a.