Injin wanki mai busarwa: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya ko ka aika da shi Bauchi

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Ibadan da Fatakwal, tambayar da ta fi yawan iske ni a nan Bauchi daga masu haɗa kayan ɗakin 'ya'ya, da masu son rage wa iyaye wahala, ita ce ta injin nan mai wanki da busarwa a ganga ɗaya. Mutum ya gan shi a kasuwar Alaba, an ce masa zuba kaya kawai ake yi da dauɗarsu a kwashe su busassu, sai ya bugo waya: in saya in ɗoro a mota? Kuɗin injin ba kaɗan ba ne, kuma na ga gidajen da ya koma teburin ajiye kwanuka, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani a wuri ɗaya.

Injin ba sabon abu ba ne. Kamfanin Bendix na Amurka ne ya fara fito da shi a 1953. A can, cikin masu amfani da shi har da mazauna motocin nan masu ɗaki, waɗanda ake yawo da su da gado da kicin da banɗaki a ciki. Mai irin wannan mota ba shi da filin inji biyu, ruwansa iyakar abin da tankinsa ya ɗauka ne, wutarsa ta janareta ce ko ta inda ya yada zango, ga girgizar hanya. In ka duba, halin mai ɗaki ɗaya a Legas ko mai ciki da falo a Fadaman Mada ke nan, bambancin kawai ɗakinmu ba ya tafiya. Don haka dabarun da suke bi sun shafe mu.

Sai dai a kula da wani tarko. Injinan da aka ƙera don motocin Amurka, irin su Splendide, wutar bolt 120 suke ci, mai bugawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, sau 50. In ka tsinci irinsa cikin kayan gwanjo da araha ka jona shi kai tsaye, ya ƙone ke nan. Tiransifoma za ta sauko da ƙarfin wutar amma ba ta canja bugunta, saboda haka famfon da ke fitar da ruwa ba zai yi aiki yadda aka tsara shi ba. Na hannun da ya fito daga Ingila ko Jamus wutarsa ɗaya da tamu. Ka leƙa takardar da aka manna a bayan injin ko bakin ƙofarsa kafin ka biya.

To yanzu batun busarwa, inda mafi yawan mutane ke ruɗewa. Akwai mai hura iska mai zafi ya fitar da ita waje ta tiyo, wannan sai an huda masa bango. Wanda ya fi yawa a shagunanmu ba shi da wannan tiyon. Shi yana dumama iska ta ɗebo laimar kaya, sannan ya ɗigo ruwan sanyi a gefen gangar don tururin ya koma ruwa ya fita ta magudana. Ma'ana, yana shan ruwa lokacin da yake busarwa. Mutane ba sa yarda in an faɗa musu, amma haka yake. Wankin kansa kan ci wajen jarka biyu ta lita 25, busarwar kuma a wasu injinan takan ƙara jarka guda ko fiye. Wanda ruwan madatsar Gubi ke zuwa unguwarsa a kai a kai, ko mai rijiyar burtsatse, ba zai damu ba. Wanda ke jiran kurar 'yan ga-ruwa kuwa, ya yi lissafi. Akwai sabon samfuri da ke busarwa da na'ura irin ta firiji, ba ya shan ruwa, wutarsa ma kaɗan ce, amma kuɗinsa sai mai hali.

Kuma ba a cika shi da bokiti. Ruwa yake so mai ƙarfi daga famfo. Yawancinsu suna bukatar tanki ya ɗara injin tsayi da aƙalla mita 5, wasu har mita 10. Tankin da aka ɗora kan bulo uku a tsakar gida ba zai tura ba, sai injin ya yi ta ƙara yana nuna alamar babu ruwa. Maganinsa ƙaramin famfon turawa a kan bututun, da matacin da zai tare laka da yashi.

Wuta ita ce babbar magana. In da ruwan sanyi za ka yi wanki, bai kai rabin yunit ba. Da zarar ya kunna hita don dumama ruwa sai ya ja wajen wat 2,000, busarwa kuma ta haura wat 1,000 na tsawon awanni. Wanki da busarwa gaba ɗaya kan ɗauki awa 4 zuwa 6, ya cinye yunit 3 zuwa 4. Tun Afrilun 2024 kuɗin yunit na masu layin Band A ya wuce naira 200, kai ka ninka. Wanda ba ya kan wannan layin kuma, ko a ƙarƙashin JED yake a Bauchi ko Ikeja Electric a Legas, tambayarsa ita ce: yaushe rabon da wuta ta yi awa biyar ba ta ƙifta ba? In aka ɗauke ana tsakiyar wanki, ƙofa na kulle, kaya na kwance cikin ruwa. Yawancin injinan suna ci gaba in an dawo da ita. In ta ƙi dawowa, akwai ɗan murfi a ƙasa ta gaba, a tara roba a tsiyaye ruwan ta nan kafin a buɗe ƙofa.

Ƙaramin janaretan nan na Tiger kada ma a gwada. Mai sola yana bukatar inbata mai ƙarfin 3kVA ko sama, kuma ya yi wankinsa tsakanin hantsi da azahar lokacin da rana ke take, ba da dare a kan batir ba. Sitabilaiza mai ƙarfi dole ce, don ƙwaƙwalwar injin ba ta jure wutar da ke hawa da sauka, kuma tana cikin kayan gyaransa masu tsada.

Lambobin da ke jikinsa, misali 8/5, suna nufin yana wanke kilo 8 amma kilo 5 kawai yake iya busarwa. In ka cika shi taf ka bar shi ya zarce, kaya za su fito da ɗumi da danshi, a cukuikuye. Masu motocin can sun saba da wanke kaɗan kaɗan kullum, maimakon tara tuli sai ƙarshen mako. Gida mai yara bakwai fa, wannan tsarin ba zai yi masa ba.

Ra'ayina a fili: a Legas, Fatakwal ko Benin, inda ruwan Yuni da Yuli kan sa kaya su kwana biyu a igiya suna warin danshi, kuma maƙwabta goma ke rabon igiya ɗaya, busarwar tana da amfani, musamman ga kayan makarantar yara da na jarirai. A Bauchi kuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, rigar da aka shanya da hantsi ta bushe kafin azahar, kyauta. In ban da marka ta Agusta da ranakun da ƙurar hunturu ke ɓata farin kaya, ban ga abin da zai sa a biya wuta don abin da rana ke yi ba. Ga Hajiya a gida, injin nan mai baho biyu ya fi dacewa: ana cika shi da bokiti, ƙaramin janareta na ɗaukarsa, kuma mai gyaransa ba ya wuyar samu a cikin gari.

Shadda mai tsada kada ta ga zafin injin, ƙyallinta zai tafi, a bar ta ga mai wanki da masu bugu. Hula ma haka. Omon wankin hannu kumfarsa ta yi yawa ga injin mai ƙofa a gaba, a nemi wanda aka rubuta na inji ne, a zuba kaɗan.

In ka yanke shawarar aikowa, nauyinsa ya kai kilo 60 zuwa 70, kuma gangarsa a rataye take kan sifirin. Daga Legas zuwa Bauchi fiye da kilomita 1,000 ne a bayan tirela. Sabo yana zuwa da dogayen notuna uku ko huɗu a bayansa da ke riƙe gangar. In na hannu ne, ka tambayi mai shago notunan a ɗaura kafin a loda, a kuma tsayar da shi a tsaye. Idan ya iso, wanda zai jona ya kwance su kafin a kunna, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle har ya fasa tayil. A adana su cikin leda tare da rasit, don ranar da za a tashi daga gidan.