Rikicewar tunani ga mai ciwon hanta: yadda ake gane shi da yadda ake magance shi

Mai ciwon hanta da ya daɗe yakan wayi gari yana barci da rana, da dare ido biyu, yana kiran 'ya'yansa da sunan wasu, ko yana faɗa ba dalili. Sau da yawa sai iyali su ce sammu ne ko iskokai. A asibiti kuwa abin yana da suna, za ka ga likita ya rubuta HE a kati, kuma yawanci hankalin yana dawowa idan an yi magani da wuri.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin da ke cikin hanji suna fitar da wani sinadari mai suna amoniya. Lafiyayyar hanta tana tace shi, ya fita ta fitsari. Idan hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, sai amoniyar ta zagaye ta, ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. A Najeriya babban abin da ke kai hanta ga wannan hali shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya. Giya da ciwon hanta nau'in C su ma suna jawo shi.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: a sa mara lafiya ya miƙe hannuwansa ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota. Idan hannun yana faɗuwa yana tashi kamar fiffiken tsuntsu, alama ce. In ya kai ana tashinsa da ƙyar, to ba batun jira ba ne. Mutumin Uke, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko Asibitin Ƙasa na Abuja a ranar. Ku da kuke Sabon Ibadan ko Agege kuna turo kuɗin magani, wannan ne abin da za ku nace a kai a waya.

Likita zai fara da neman abin da ya tayar da ciwon, domin da wuya ya zo haka kawai. Rashin yin bayan gida, zubar jini a ciki (aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta), ƙwayar cuta a ruwan ciki ko a fitsari, bushewar jiki, yawan maganin sa fitsari, duk suna tayar da shi. Za a duba sukarin jini ma. Sai kuma maganin barci irin su diyazepam, da maganin rage raɗaɗi irin su tiramadol da kodin. Nan ne ake yawan tafka kuskure: mutum yana surutai da dare, sai a sayo masa ƙwayar barci a kemis don a huta, ita kuwa sai ta ƙara dulmuya shi.

Babban maganin shi ne laktulos, wani ruwa mai kauri da zaƙi da ke sa amoniya ta fita ta bayan gida. Ana daidaita yawansa har mara lafiya ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana. Wasu iyalai da sun ga haka sai su ce gudawa ce su daina ba shi, alhali aikin maganin ke nan. In ya zama zawo tsagwaron ruwa, a gaya wa likita ya rage, kar a yanke da ka. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, don kar ya shaƙe. A asibiti ana ba shi ta robar hanci ko ta dubura. Idan ciwon yana yawan dawowa ana ƙara rifaksimin, miligiram 550 sau biyu a rana, sai dai yana da tsada.

Batun abinci kuma, an daina tsohuwar shawarar hana nama da ƙwai gaba ɗaya, domin ramewa na ƙara ciwon. A ba shi wake, awara, nono, ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin kwanciya. A bar giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Direba ya ajiye tuƙi sai likita ya yarje masa. Matarsa da 'ya'yansa kuma su je a gwada su, wanda bai kamu da nau'in B ba a yi masa rigakafi.